"Ai wasu sun fashe": guda nawa?

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Hindawiyya a Jidda. Shekara biyu ke nan tana narka gilashi mai launi a ƙaramin tanderun lantarki, tana fitar da faranti da abin wuya da allunan ado na bango. Ta kai guda 60 shagon ƙanin mijinta a Balad ya sayar mata, kowanne riyal 150. Wata biyar, riyal 2,400 kawai ta gani. In ta tambaya sai ya ce ai wasu sun fashe. Yanzu tana so ta ci bashin riyal 20,000 ta sayi babban tanderu, ta kama rumfa a Banan, baje kolin kayan aikin hannu na Riyad, ko kasuwar can za ta fitar da ita.

Hajiya, ajiye maganar Riyad tukuna. Guda nawa suka fashe? Ba ki faɗa ba, domin ke ma ba ki sani ba. Kayan riyal 9,000 kika fitar daga ɗakinki babu ko layi ɗaya a takarda. Kuɗin guda 16 ya dawo, 44 suna inda Allah kaɗai ya sani, amma ke bashi kike nema.

Ban ce ƙanin mijinki ya ci amanarki ba, wataƙila shi ma bai ƙirga ba. Sai dai a sana'ar gilashi "ya fashe" magana ce da ba a iya musunta, shi ya sa ba a karɓarta da baki. Abin da ya fashe a dawo miki da fasassun a leda.

Fasassun nan za su gaya miki mai laifi. In tsagar ta taso daga wuri ɗaya ta bazu kamar saƙar gizo, faɗuwa ya yi ko an buge shi, wannan na shago ne. In ta bi daidai inda launi biyu suka haɗu, naki ne: kin gama gilashin da ba sa jituwa. Gilashin kamfanin Bullseye mai lamba 90 da wani iri mai lamba 96 ba sa tsukewa daidai in suna hucewa, balle ki jefa musu guntun gilashin taga don rage kuɗi. In kuma farantin yana zaune kan kanta ya tsage da kansa bayan mako biyu, gaggawa kika yi. Gilashin da ya kai digiri 800 sai an tsayar da shi wajen 480 zuwa 510, gwargwadon irinsa, sannan ya huce a hankali tanderu na rufe. To in ciwon daga hannunki yake, babban tanderu manyan kaya zai riƙa fasa miki, bashi na jiranki.

Na taɓa zama da wata mai humra da turaren wuta a Makka, tana ba ɗan yayarta kwalabe yana kai wa alhazai masauki. Kullum "ta zube, Anti". Shekara uku ana haka. Ranar da na sa ta fara cewa a dawo mata da kwalbar da ta zube, zubewa ta tsaya cak. Ba ta yi faɗa da kowa ba.

Na san abin da za ki ce, dangin miji ne, da kunya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuma cire dangi ba. Ki zana lamba a ƙasan kowane kaya, ki ɗauki hotonsa, ki shigar a daftari, shi ya sa hannu ke ki sa. A rubuta la'adarsa, a rubuta wa ke ɗaukar asarar abin da ya faɗi a shago, a rubuta ko harajin kashi 15 yana cikin 150 ɗin ko a kansa yake. Guda 15 za ki riƙa ba shi, sai an yi lissafinsu wasu su fita.

Shi kansa 150 ɗin ina shakkarsa. Faranti sau biyu yake shiga wuta, na haɗewa da na lanƙwasawa, kowanne kusan kwana guda har ya huce. Kin sa wutar lantarki a ciki? Kin sa waɗanda suka lalace tun a tanderu?

Baje koli kuwa, kasuwar aikin hannu ta buɗe a ƙasar nan ta Saudiyya, har 2025 aka ware mata shekara guda. Amma mai zuwa Riyad za ta biya rumfa da masauki da jigilar gilashi kusan kilomita 1,000, kuma a can ma wani za ki bar wa rumfar in kin tafi salla.

Ranar Alhamis bayan la'asar ki tafi Balad tare da maigidanki, daftari a hannu. Ku ƙirga abin da ke kan kanta, ki karɓo fasassun da suka rage, ki aiko min da adadin da hoton tsagar.