Na Fara Dada, Ƙaiƙayi da Tsamin Kai Sun Hana Ni Sakat

Assalamu alaikum Anti. Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri. Ni matar aure ce a nan cikin birnin Kano, shekaruna 27, 'ya'yana biyu. Don Allah a sakaya sunana.

Tun ina budurwa nake sa rilaksa, ga son ƙananan kitso, a ja shi sosai don ya daɗe. Bayan haihuwata ta biyu gashin ya dinga zuba, gaban goshina da gefen kunnuwana suka cinye. Sai na bar rilaksa, na yanke wanda ya mutu, da sabo ya taso na nemi izinin maigida in yi dada. Ya ce in dai ba zan ƙara gashin doki ba, kuma kaina a rufe yake in zan fita, ya amince.

Wata mai shagon gyaran gashi ce ta fara min. Ta murɗa shi da wani mai mai danƙo irin kaki, ta ce kada in bari ruwa ya shige shi sai ya kama, in kuma riƙa komawa duk sati biyu tana ƙara murɗawa. Wata na huɗu ke nan. Anti, ƙaiƙayi ya hana ni barci, wani farin abu yana zubo min a kafaɗa, in na cire ɗankwali ni kaina ina jin tsami. Maigida bai ce komai ba, amma na ga alama a fuskarsa. Abin da ya fi ci min rai shi ne wankan tsarki: sama-sama nake yayyafa ruwa don kada ya warware, kuma zuciyata ba ta natsu ba. Ga shi Hajiyarsa ta gani a wajen wani suna, ta ce wannan gashin mahaukata ne da 'yan shaye-shaye, ba na matan aure ba. Aske shi zan yi, ko akwai gyara?

'Yarki a Kano

Wa'alaikumus salam 'yata. Ki ajiye maganar aska tukuna. Amma gobe da safe in Allah ya kai mu, ki ɗora ruwa ki wanke kan nan.

Zan fara da wankan tsarki, don shi ya fi komai nauyi a wasiƙarki. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, ta tambayi Annabi (SAW) ko sai ta tsefe kitsonta in za ta yi wankan janaba. Ya ce mata a'a, ya ishe ta ta kamfaci ruwa sau uku ta zuba a kanta, sannan ta game jikinta da ruwa. Kin ga ba tsifa aka wajabta ba. Amma malamanmu na Malikiyya sun sa sharaɗi: ruwan ya ratsa gashin ya isa fatar kai, mace ta cuɗa ta matse kitson da hannunta. Yayyafin da kike yi bai cika wannan ba, kuma duk abin da aka laɓta wa gashi har ya hana ruwa shiga, dole a raba shi da kai. Game da wankan da kika yi a baya, ki sami malamar Islamiyyarku ko malamin da kika yarda da shi, ki faɗi yadda kika yi ba ɓoye-ɓoye, su za su gaya miki abin da ya hau kanki. Kada kunya ta sa ki jinkirta wannan.

Ita kuwa maganar cewa ruwa yana hana dada kamawa, ba gaskiya ba ce, kuma ta cuci mata da yawa. Ba dauɗa ke haɗa dada ba. Kowane mutum yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a rana. Mai taje kai tana ganin nata a jikin mataji, mai dada kuwa nata ba ya faɗuwa, a cikin igiyar yake maƙalewa ya sarƙe da sauran, da haka igiyar take yin kauri da ƙarfi. Irin gashinmu mai nannaɗe da kansa yake sarƙewa, kuma ya fi saurin yi in yana da tsabta, babu maiƙon da zai sa shi santsi. Ko ta wace hanya aka fara, murɗa biyu-biyu, ko kalaba, ko saƙa shi da allurar kwarashi, sai an yi haƙurin wata 6 zuwa shekara kafin ya kama sosai, mai laushin gashi ma takan wuce haka. A tsakani zai kumbura, ya yi buzu-buzu, wasu igiyoyin su ɗan warware bayan wanki. Wannan ba lalacewa ba ce, a sake murɗa su kawai.

Kakin da aka sa miki shi ne babbar matsalar. Ruwan sanyi ba ya narkar da shi, yana kama ƙura da zaren ɗankwali, yana kuma tsare danshi a cikin igiya. Ki sami ruwa mai ɗumi sosai, wanda hannunki zai iya jurewa, ki tsoma gashin ki yi ta matsawa. Sai ki sa shamfu mai ruwa-ruwa garai, wanda ba a haɗa shi da kwandishina ko mai ba. Za ki samu a kasuwar Sabon Gari ko manyan kantuna. Ki tsinka shi da ruwa a 'yar roba, ki bi tsaga-tsaga kina zubawa, ki cuɗa fatar da tsokar yatsu, ban da farce. Igiyoyin kuma matsa su ake yi daga tushe zuwa baki, ba a cakuɗa su. Ɗauraya ita ce rabin aikin: ki yi ta zuba ruwa kina matsewa har ki ga wanda ke fita ya zama fari tas. In kina tsoron warwarewa, ki ɗaure su kashi shida ko takwas da roba sako-sako kafin ki fara. Sabulun salo yana wanke kai, amma in ruwan unguwarku mai zartsi ne yana barin farin dattin sabulu a cikin gashi, don haka ki jiƙa shi ki tace, ki kuma bi da ɗaurayar khal, kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyar. Kanwa da garin sabulun wanki kada su kusanci kanki. Daga nan wanki ya zama sau ɗaya a sati, musamman a bazara lokacin da zafin Kano ke haura maki 40 gumi yana kwanciya ƙarƙashin hijabi.

Yanzu ki saurare ni da kyau a kan busarwa, don nan ne matan da ke rufe kai suke faɗawa. Igiyar dada kamar soso take, samanta zai bushe cikinta yana jiƙe. In kika ɗaura ɗankwali a kai, kika ɗora hijabi, ko kika kwanta da shi haka, fumfuna ce za ta kama cikin, kuma ita ce ke kawo warin da turare ba ya kashewa. Ki yi wankin kai da hantsi. Ki matse da tsohuwar riga mai laushi wadda ba ta zubar da zare, ki zauna a tsakar gida ko inda iska ke kaɗawa, kai a buɗe. In akwai wuta ki bi shi da na'urar busar da gashi a matsakaicin zafi. Ki kama igiya mafi kauri ta ƙeya ki matsa, in kin ji sanyi a yatsunki to da saura. In wankan asuba ya kama ki, ki matse iya matsewa, ki yi sallarki, kina idarwa ki buɗe kan. Da damina, musamman watan Agusta, sai kin ninka kula. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ki sa hular satin ƙarƙashin ɗankwali, da ita kuma za ki riƙa kwana.

Farin abin da ke zubowa zai iya zama kaki da matacciyar fata, wanki biyu ko uku zai tafi da su. In ya ƙi tafiya ga ƙaiƙayi, amosani ne. Wata ƙwayar halitta dangin fumfuna ke tayar da shi, tana zaune a fatar kowa, abincinta maiƙo. Shi ya sa masu laɓta man zaitun ko man kaɗanya don maganin amosani suke ganin yana ƙaruwa. Ki nemi shamfu mai sinadarin ketoconazole kashi 2 cikin ɗari a kantin magani, ki sa a fatar kai ki bar shi minti 3 zuwa 5 kafin ɗauraya, sau biyu a sati, tsawon sati 2 zuwa 4. Ki gaya wa mai kantin in kina shayarwa ko kina da ciki. In kuwa kin ga ƙuraje masu ruwa, ko kumburi, ko wani wuri ya yi ƙwal kamar makero, ki tafi wajen likitan fata. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Bayan kai ya lafa, ruwa a kwalbar fesawa da ɗigon mai mara nauyi a tafin hannu sun ishe ki. Basilin da duk wani mai mai kauri ki bar su.

Goshinki yana ba ni tausayi. Zubar gashi bayan haihuwa takan tsaya da kanta kafin yaro ya shekara, amma wanda ja ya cinye, in aka ci gaba da jan, saiwar takan mutu ta ƙi sake tsirowa. Murɗawa duk sati biyu irin wancan jan ne da kika gudo daga gare shi. Gashi bai fi tsawon santimita ɗaya yake ƙarawa a wata ba, me za a murɗa a sati biyu? Ki mayar da shi duk sati 4 zuwa 6, bayan wanki, gashi da ɗan danshi, da ruwa ko jel mara danƙo. In an gama kin ji kai yana zogi, an ja da yawa. 'Yan ƙananan gashin gaban goshi a ƙyale su, kada a cusa su cikin igiya, kuma ki daina tamke gashin baya da ƙarfi.

Hajiya kuma, kada ki riƙe ta a zuciya. A Kano wanda aka saba gani da cukurkuɗaɗɗen gashi shi ne wanda ya rasa mai kula da shi, sai kuma 'yan rasta na talabijin, da wannan idon ta kalle ki. Kada ki yi musu da ita, kada ki kawo mata hujjoji. Ki gyara kan tukuna, sannan ki roƙi maigida ya yi mata bayani da bakinsa cewa da izininsa kika yi, gashinki ne babu ƙari, kuma ruwa yana ratsa shi. Shi ma ki tambaye shi ra'ayinsa na yanzu tsakani da Allah, don shirunsa magana ce.

Bayan wanki uku ko huɗu, ki buɗe igiya ɗaya ta ƙeya da tsinke ki duba cikinta. In tas take, ki ci gaba da abinki. In kin tarar da danƙo ruwan toka, ko warin ya ƙi fita, ki tsefe duka, don kakin da ya shige ciki ba ya fita gaba ɗaya. A wata huɗu dada tana tsefuwa ba sai an aske ba: ki jiƙa karkashi ya yi yauƙi, ki shafe igiyar da shi, ki fara daga baki zuwa tushe da kibiya, kaɗan-kaɗan cikin 'yan kwanaki. Za ki ga gashi mai yawa ya fito, kada ki tsorata, wanda ya riga ya zuba ne tun tuni ya maƙale. Ki huta wata ɗaya ko biyu fatar ta warke, in har yanzu ranki yana so, ki sake farawa wajen wadda za ta yi miki da ruwa kawai, da tsaga masu ɗan faɗi a gaban goshi.

Anti