Amsar tambayar daren jiya: me ya kai Sarki Edwad na Farko yaƙi Sikotilan?

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanena da ya ajiye tambaya jiya da dare, ka yi haƙuri, barci ne ya sace ni da waya a hannu. Ka ce me ya sa Edwad na Farko, sarkin Ingila, ya ɗauki runduna ya afka wa Sikotilan a 1296 alhali maƙwabta ne, har da surukuta a tsakani, kuma kai a ganinka kwaɗayin ƙasa ne kawai. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya. Mai ƙarancin data ya yi mini afuwa.

To, kwaɗayi akwai shi, ban musa maka ba. Mutumin da ya gama haɗiye Wels a 1283 ba za a kira shi mai ƙaramin ciki ba. Amma in kwaɗayi ne kaɗai, me ya hana shi shiga tun 1286, lokacin da Sikotilan ba ta da sarki? Shekara goma fa ya jira. Ni abin da na fahimta, Edwad a ransa ba ƙasar wani ya je ci ba. Baransa ne ya yi masa caffa, sannan ya zagaya ya haɗa kai da abokin gabarsa, shi kuma ya je ladabtar da shi. Ka riƙe wannan, za ka ga yadda ta kaya.

Abin ya faro ne daga faɗuwar doki. A Maris 1286 sarkin Sikotilan, Alekzanda na Uku, ya hau doki cikin dare ana hadari zai je wurin amaryarsa. Da safe aka tsinci gawarsa a gaɓar teku. 'Ya'yansa uku duk sun riga shi rasuwa. Abin da ya rage jika ɗaya ce, Magret, 'yar sarkin Norwe, 'yar shekara uku. Kuma kakarta, wato uwargidan Alekzanda ta farko, ƙanwar Edwad ce ciki ɗaya. Ka ga surukutar da kake faɗa.

Sai aka shirya a 1290 cewa yarinyar za ta auri ɗan Edwad, shi ma yaro ne ɗan shekara shida, da sharaɗin Sikotilan za ta ci gaba da zama ƙasa mai dokokinta. Da auren nan ya yiwu, da Edwad ya samu abin da yake so cikin ruwan sanyi, ko takobi ba a zare ba. Allah bai nufa ba. A hanyar kawo ta daga Norwe ta rasu a tsibiran Okni, tana da shekara bakwai.

Nan fa gida ya rikice. Mutum 13 suka fito kowa ya ce shi ne magaji. Manyan su biyu ne, Jon Baliyol da Robat Burus, kakan wanda ya zama sarki daga baya, kada ka haɗa su, sunansu ɗaya. Tsoron yaƙin basasa ya sa manyan ƙasar suka nemi Edwad ya raba gardama. An ba kura ajiyar nama ke nan. Da aka taru a Noram, a bakin iyaka, a 1291, sai ya ce kafin ya yi alƙalanci sai an amince shi ne ubangidan Sikotilan. Masu neman sarauta kuwa, kowa na tsoron kada ya ɓata wa alƙali rai, ɗaya bayan ɗaya suka amince. Har manyan gidajen tsaron ƙasar aka danƙa masa riƙo kafin a gama shari'a.

Wani abu game da Edwad da mutane ba su cika lura ba, shi mutum ne mai son takarda, mai son hujjar shari'a. Sai da ya sa gidajen ibada na Ingila suka tono tsofaffin littattafan tarihinsu a nemo masa duk inda wani sarkin Sikotilan ya taɓa rusuna wa na Ingila. Kuma akwai. A 1174 an kama sarkin Sikotilan Wiliyam a yaƙi, ya yi wa Henri na Biyu na Ingila caffa a kan ƙasarsa baki ɗaya. Sai dai a 1189 Ricad na Farko, yana neman kuɗin tafiya yaƙi Gabas ta Tsakiya, ya karɓi kuɗi ya soke wannan caffar. Kowane ɓangare yana da abin da zai riƙe, ka gane.

A Nuwamba 1292 hukunci ya fito, aka ba Baliyol. Gaskiya hukuncin ba na zalunci ba ne, don shi ya fito ta tsatson babbar 'yar ƙanen Sarki Wiliyam ɗin nan, Burus ta tsatson ta biyu. A Disamba Baliyol ya je Niyukasul, garin nan da masu kallon ƙwallo suka sani, ya durƙusa ya yi wa Edwad caffa. To kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Askin kuwa bai zo da sauƙi ba. Edwad ya fara karɓar ɗaukaka ƙara daga mutanen Sikotilan. Wato kotun sarkinsu ta yanke hukunci, wanda bai gamsu ba ya wuce Ingila. A 1293 sai da aka kira Baliyol da kansa ya tsaya gaban majalisar Ingila ya amsa ƙarar wani talakansa, ko in ce wani basarakensa, Makdof. Ya ce ba zai amsa ba sai ya shawarci mutanensa, aka ce ya raina kotu, aka yi masa barazanar ƙwace manyan gidajen tsaronsa uku. Sarki guda fa! Wace daraja za ta rage masa a idon hakimansa?

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne. Shi kansa Edwad ɗin baran wani ne. A Ingila sarki ne, amma yana riƙe da Gaskoni a kudu maso yammacin Faransa, yankin da ke kawo masa kuɗin fito mai yawa daga cinikin giyar inabi, kuma a kan wannan yankin sarkin Faransa ne ubangidansa. A 1293 matuƙan jiragen ruwa na ɓangarorin biyu suka gwabza a teku. Filib na Huɗu na Faransa ya aika wa Edwad sammaci ya zo Faris ya amsa. Edwad ya tura ƙanensa, aka yi yarjejeniyar a miƙa Gaskoni na ɗan lokaci don fita kunya sannan a mayar. Filib ya karɓa ya riƙe, a 1294 ya ce ya ƙwace. Abin da Edwad ke yi wa Baliyol, shi aka yi masa daidai wa daida. Ni wannan wurin yana ba ni dariya kullum.

Yaƙi da Faransa ya tashi, Edwad na buƙatar mayaƙa da kuɗi. Ya aika wa Baliyol da manyan Sikotilan su fito su bi shi ƙetare. Irin wannan kiran ya taimaka wajen tayar da bore a Wels a shekarar, har sai da Edwad ya fasa tafiya ya kwashe watanni yana kashe wutar. 'Yan Sikotilan suna kallo. Suka ce mu ma ba inda za mu. A 1295 suka naɗa majalisar mutum 12 ta karɓe ragama daga hannun Baliyol, a Oktoba kuma wakilansu suka ƙulla yarjejeniya da Filib a Faris: in Edwad ya afka wa Faransa, su za su afka wa Ingila ta arewa. Har da alkawarin aure tsakanin ɗan Baliyol da 'yar ƙanen Filib.

To ka sa kanka a matsayin Edwad. Za ka tsallaka teku da rundunarka ka bar wanda ya yi maka rantsuwa riƙe da wuƙa a bayan gidanka? Ya nemi a ba shi wasu garuruwan iyaka jingina, ya kira Baliyol ya zo, shiru. Ƙarshen Maris 1296 'yan Sikotilan ma suka riga shi kai hari Kalayil, garin Ingila da ke kusa da iyaka. Kuma ka san wa ke tsare wa Edwad garin? Ɗan wancan Burus ɗin da ya faɗi takara. Gidan Burus a wannan yaƙin bayan Ingila suke.

Ranar 30 ga Maris Edwad ya ci Berik, garin da ya fi kowanne arziki a Sikotilan saboda cinikin gashin tumaki. Kisan da aka yi a nan ba abin da zai wanke shi, ba a bar mace ko yaro ba. Wannan ba ladabtarwa ba ce, ta'asa ce. A 27 ga Afrilu aka karya rundunar Sikotilan a Dunba. Zuwa Yuli Baliyol ya miƙa wuya, aka yage tambarin sarauta daga rigarsa a bainar jama'a, aka wuce da shi kurkukun Hasumiyar Landan.

A nan ne maganarka ta kwaɗayi ta samu gindin zama, ƙanena. Bai naɗa wani sarki ba. Nasa mutanen ya zuba su yi mulki su tara masa kuɗi, ya kuma ɗauke dutsen da ake naɗa sarakunansu a kai daga Sukun zuwa Wesminsta. A 1297 ya tsallaka teku ya koma kan Filib, inda hankalinsa yake tun farko. Yana can jagororin boren Sikotilan, Wiliyam Walas da Andru Mori, suka ragargaza rundunarsa a gadar Stalin a Satumba. Daga nan bai sake hutawa da Sikotilan ba. A Yuli 1307 ya rasu kusa da Kalayil, yana kan hanyar zuwa yaƙar jikan Burus da ya naɗa kansa sarki.

Dutsen nan kuwa sai 1996 aka mayar musu, shekara 700 cif. Wanda ya kalli naɗin Sarki Cals a 2023, yana nan a ƙarƙashin kujerar da ya zauna, kawo shi aka yi daga Edinbara aka mayar bayan biki.

Ga kiran magariba can, bari in je in yi alwala. Sai anjimanku.