Wace ƙota ce ta fi ƙarko a wuƙar aljihu?

Tambaya: Ƙotar katako ta wuƙata mai naɗewa ta tsage kusa da ƙusa. In zan sayi wata, wace irin ƙota zan nema?

Amsa: Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, amma ƙusar ƙarfen da ta riƙe shi ba ta motsi. Wannan ja-in-ja ne ke tsaga shi a bakin ramin ƙusa. Ƙashi da ƙaho ma haka suke, ga saurin fashewa in sun faɗi a kan siminti.

In ƙarko kake so, nemi G10. Yadin zaren gilashi ne da aka jera hawa-hawa, aka jiƙa da ƙaron roba, aka matse da zafi. Ruwa da gumi ba sa shigarsa, ba ya kumbura, ba ya tsatsa. Aibinsa, mai kaushi yana cin bakin aljihu, kuma ƙurarsa na cutar da huhu, don haka kada ka goge shi da samfefa ba takunkumi. Micarta ɗan'uwansa ne, da yadin auduga ko takarda ake yin sa. Yana shan maiƙon hannu ya yi duhu, sabulu da ruwa su wanke shi, kuma ko ya jiƙe yana kama hannu.

Alminiyam ba nauyi, sai dai yana ƙarzuwa, ga santsi. Taitaniyam, wani irin ƙarfe, ya fi shi ƙarfi nesa, amma da tsada.

In ranka na kan katako, zaɓi wanda aka ɗura wa ƙaro har cikin jijiyarsa, ka riƙa goge shi da zarar ya jiƙe, kada ka bar shi cikin rana.