Ƙanena yana barin a naushe shi a ka, wai haka jaruman finafinan boksin suka yi tauri

Tambaya: Assalamu alaikum Koci. Ina da ƙane ɗan shekara 17, tun rasuwar mahaifinmu yake hannuna. Finafinan damben boksin sun shiga ransa har ya samu wurin atisaye, ban hana shi ba don ni ma ina bin wasan. Shekaranjiya ya dawo yana layi, ya kwana da ciwon kai da amai, da safe ya ce bai tuna yadda ya iso gida ba. Da na matsa masa, sai ya ce mai horar da su yana sa su sauke hannu a naushe su a haɓa, wai da haka kai yake sabawa. Jibi zai koma. In hana shi kallon finafinan ne, ko yaya zan yi? Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jibi ba zai koma ba. Layi da amai da mantuwa bayan naushi alamun ƙwaƙwalwa ta girgiza ne, don haka yau za ka kai shi ga likita, ko da ya rantse maka ya warke. Jini yakan iya tsiyaya a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, mutum yana yawo yana hira, sai daga baya ya kife. In ka ga barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, ko aman ya ƙi tsayawa, ko magana tana harɗewa, ko hannu ko ƙafa ta rasa ƙarfi, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗayan faɗi, to ba maganar jiran wayewar gari.

Su kuwa finafinan, ban ce ka hana shi ba. Akwai abin da yake samu a cikinsu, kuma ba abin banza ba ne. Tun farkon sinima boksin yake cikinta: a 1897 an ɗauki damben Corbett da Fitzsimmons a fim a Amurka, mutane suka biya kuɗi suka zauna fiye da sa'a ɗaya da rabi suna kallo. Da Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi, ya lallasa farar fata Jim Jeffries a 1910, garuruwa da dama a Amurka sun hana nuna fim ɗin damben, a 1912 kuma majalisar ƙasar ta haramta kai finafinan dambe daga jiha zuwa jiha, dokar da ta kai har 1940. Abin da suka ji tsoro shi ne talaka da wanda aka raina su ga irinsu a tsaye, wanda ake ɗauka ya fi su yana kwance. Har yau wannan ne jigon waɗannan finafinai: mutumin da ba shi da gata, ba ilimi, ba jari, sai jikinsa, ya samu dare ɗaya da duniya ta dube shi. Rocky na 1976, da ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, jaruminsa ma bai ci damben ba. Burinsa kawai a kaɗa ƙararrawar ƙarshe yana tsaye. Kuma kusan kowane ɗayansu yana da tsohon koci mai faɗa wanda yake tsaya wa yaro a matsayin uba. Ka ce mahaifinku ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ka yi tunani a kan wannan, domin shi ya sa maganar mai horar da su ta fi taka nauyi a kunnensa.

Amma a cikin wannan gaskiyar aka cusa ƙaryar da nake fama da ita kullum, wai jure naushi a ka shi ne jarumta, kuma wai kai yana sabawa. Ba ya sabawa. Damtse yana ƙaruwa da wahala, huhu yana buɗewa da gudu, amma ƙwaƙwalwa ba tsoka ba ce. Tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, in naushi ya sauka a haɓa kai ya juya da sauri, sai ta bugu da ƙashi ta murɗe, kamar fasinjan da aka taka wa birki ba shiri. Ba wani atisaye da zai sa wannan ya daina faruwa. Ƙarfafa wuya da iya kauce wa naushi suna rage saurin juyawar kan, shi ke nan. Abin da muke gani a fage akasin abin da ake gaya wa yaran ne: ɗan damben da aka sha sumar da shi, naushin da a da zai shanye yanzu shi ke kayar da shi.

Me ya sa a fim ake sauke hannu? Don kyamara tana son fuska. Mai kallo sai ya ga naushin ya sauka, ya ga jini da gumi sun fantsama, sannan zuciyarsa ta motsa. Naushin da jarumi yake sha a turmi ɗaya na fim, a fage na gaskiya alƙalin wasa ya daɗe da tsayar da damben. Floyd Mayweather ya yi dambe 50 ba a ci shi ko sau ɗaya ba saboda ya iya hana a taɓa shi, ga shi 'yan kallon da fim ya raina suna ce masa matsoraci mai gudu. Shi kuwa Chuck Wepner, wanda Sylvester Stallone, jarumin Rocky, ya ce dambensa da Muhammad Ali a 1975 ne ya zaburar da shi rubuta labarin fim ɗin, bai ji ƙararrawar ƙarshe ba: an tsayar da wasan a turmi na 15, saura 'yan daƙiƙu.

Sannan fim yana ƙarewa da kiɗa da runguma, ba ya bin mutum shekara goma gaba. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta a kan tsofaffin 'yan dambe masu tafiya kamar sun sha abin maye, hannu na rawa, harshe ya yi nauyi. Duk-koo Kim na Koriya ta Kudu ya yi irin juriyar da fim yake yabo a dambensa da Ray Mancini a Las Vegas a 1982, ya faɗi a turmi na 14, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Mutuwarsa ce ta sa aka fara rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12. Maxim Dadashev na Rasha a 2019, kocinsa Buddy McGirt ne da kansa ya tsayar da wasan bayan turmi na 11, duk da haka jinin da ya taru a kansa ya yi ajalinsa yana ɗan shekara 28. Waɗannan ƙwararru ne, da likita a gefen igiya. Ƙanenka wa ke gefensa?

Kada kuma a ruɗe ka da cewa ai suna sa safar dambe da hular kariya. Safar, hannun mai naushi take karewa. Hular tana rage tsagewar gira da kumburi, ba ta hana ƙwaƙwalwa motsi a ciki. Mafi haɗari shi ne naushi na biyu kafin na farko ya warke, musamman ga matashi: ƙwaƙwalwa takan kumbura farat ɗaya, ko da naushin bai kai na farko ƙarfi ba. Shi ya sa a dokar damben 'yan koyo, wanda aka sumar ba ya komawa fage sai bayan aƙalla kwana 30 da sahalewar likita. In wani ya ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ka tambaye shi ko tsautsayi ne ya ce yara su sauke hannu su jera.

Wanda yake jera yara haka bai san aikin ba, fim ya kalla kamar su. In likita ya sallami ƙanenka kuma yana nan kan son wasan, ka nemo masa wani wurin, ka je da ƙafarka ka zauna ka ga atisayen. A wurin kirki, sabon shiga yakan daɗe a kan tsayuwa da taku da tsalle da igiya da dukan buhu kafin a haɗa shi da kowa, in an haɗa su kuma da sa'ansa a nauyi ne, da hannu mai sauƙi, koci yana tsaye a kansu. Ka tambayi kocin kai tsaye abin da yake yi in yaro ya ce yana jin jiri. In amsar ta wuce "ya cire safa ya zauna, sai likita ya gan shi", ka kama hannun ƙanenka ku fita.