Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin Ƙafafun Mota a Ɗakin Ajiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna gyaran gidan kakanmu a Garwa sai muka tarar da ƙafafun mota guda biyu a ɗakin ajiya. Ɗaya tana da sanduna goma sha biyu na katako, da wili na ƙarfe wanda noti huɗu ke riƙe da shi a gefe. Ɗayar kuma wayoyi gare ta kamar ta keke, da ƙaton noti guda mai kunne biyu wanda ya ƙi kuncewa. Na waɗanne motoci ne, kuma in sayar wa 'yan gwangwan? Daga wani mai karatu a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayar tukuna, kuma kada ka raba ko noti ɗaya da mazauninsa, domin waɗannan ƙananan sassa su ne shaidar da ake gane asalin ƙafa da ita.

Ta katakon ta yi kama da ta Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927. Notin nan huɗu na gefe suna nuna irin wilin da ake cirewa tare da tayarsa a bar sandunan a jikin mota, tsarin da Ford ya shigo da shi a 1919 don sauƙaƙa wa direba wahalar faci a kan hanya. Sai dai Chevrolet da Dodge ma sun yi ƙafafun katako a wancan zamani, saboda haka ka goge murfin cibiyar da tsumma da kananzir, ka duba ko an buga sunan Ford a kai, sannan ka ƙirga ƙusoshin da suka ɗaure sandunan a cibiya, waɗanda a Model T shida ne. Bayan haka ka auna faɗin wilin. Idan ya kai inci 23, kuma leɓɓansa sun lanƙwasa ciki don su kama bakin taya, to na tayar 30 x 3½ ne. Idan inci 21 ne, to daga 1925 zuwa sama aka yi shi. In ka ga kwanon birki manne a bayanta, ƙafar baya ce.

Ta wayoyin ta fi buƙatar hattara. Noti guda mai kunne biyu tsarin kamfanin Rudge-Whitworth na Ingila ne, wanda motoci irin su MG da Jaguar suka daɗe suna amfani da shi. Ƙafar tana zama ne a kan ƙananan haƙora da aka zagaye cibiya da su, notin kuma da guduma mai taushi ta tagulla ko ta darma ake bugun kunnensa. Abin da ya sa ya ƙi kuncewa, ban da tsatsa, mai yiwuwa na ɓangaren dama ne, domin notin dama ana kunce shi ne ta inda ake ɗaure noti na yau da kullum, an yi haka ne don juyawar ƙafa ta riƙa ƙara matse shi. Duk wanda ya ci gaba da bugunsa ta hanyar da aka saba, ƙara ɗaure shi yake yi. Ka jiƙa shi da mai na 'yan kwanaki, sannan ka gwada ta ɗaya gefen a hankali.

A nan arewacin Kamaru da Chadi an fi cin karo da wilin motocin Faransa masu rami uku, irin na Citroën 2CV da Renault 4, don haka abin da ke hannunka ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ni a ganina asara ce a ɗora shi kan sikeli. Ka ɗaga ta katakon daga ƙasa saboda gara, kada ka kankare ta da inji ko ka shafa mata fenti, kuma ka aiko mana da hoton duk wani rubutu ko lamba da ka gani a jikinsu, tare da awon da ka samu.