Wace manhaja ce za ta riƙe mana ilimin shago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan sola, shago biyu a Kano, ɗaya a Kaduna, yarana 14. Babban yarona da ya san kan komai na yaye shi, ya buɗe nasa shagon. Yanzu kullum wayata ba ta hutawa: wane batir ne ya dace da wannan inbata, garantin wancan wata nawa ne. An ce in nemi manhajar da za mu riƙa adana irin waɗannan bayanai. Wani ya ce Notion, wani ya ce Confluence. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Ni dai shawarata, kada ka biya ko sisi tukuna.

Dukansu biyun manhajoji ne masu kyau, amma da kai-kai suke cajin kuɗi, kowane ma'aikaci da nasa kuɗin wata, kuma da dala. Ka san yadda dala ta yi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Confluence, ta kamfanin Atlassian, kyauta ce har mutum 10. Kai kuwa yaranka 14 ne, ka riga ka haye, sai dai ka rage masu shiga ko ka biya wa kowa. Notion ta fi ta daɗin kallo da sauƙin tsarawa, tana da tsarin kyauta, sai dai da zarar kun zama ƙungiya masu rubutu tare, za ta soma takura ku har ku biya. Akwai kuma BookStack, wadda ba a sayenta, amma sai ka ɗora ta da kanka a kan sabarka, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan don kowa ya shiga ta intanet. In ba ka da mai kula da kwamfuta a gida, ka bar ta.

Abin da zan fi so ka duba shi ne hannun yaranka. Ba a gaban kwamfuta suke wuni ba. Yaro yana kan rufin kwano a Rigasa, rana ta take, datarsa ta kusa ƙarewa, mai gida na tsaye yana jiran amsa. Manhajar da za ta buɗe masa a ƙaramar wayarsa cikin daƙiƙa kaɗan, ita ce taka. Shi ya sa nake cewa ka fara da Google Docs. Duk mai Gmail yana da ita, da wurin ajiya gigabait 15 kyauta, ana iya sauke takarda a karanta ba intanet, kuma kai ke zaɓar wanda zai gyara da wanda zai karanta kawai. Wannan na ƙarshen kada ka yi wasa da shi: farashin sari da sunayen masu ba ka kaya, a ware su daban, ba kowane yaro ne zai gani ba.

WhatsApp kuwa a bar shi wa gaisuwa da saƙon gaggawa. Bayanin da aka tura jiya, yau ya nutse ƙarƙashin hotuna da saƙonnin murya.

Sai babban aikin, wanda ba manhajar da za ta yi maka. Mako biyu, duk tambayar da aka kira ka a kanta, ka rubuta ta. Za ka tarar kusan iri ɗaya ce ke ta dawowa. Ka ɗauki yaro guda mai natsuwa da iya rubutu, ka ɗora masa amsa su, kowace tambaya da shafinta, da hoto, da ranar da aka gyara, kuma da Hausar da kuke yi a shago. Ka ɗan ƙara masa wani abu a albashi, don aiki ne. Shi ma wancan da ka yaye, tunda lafiya kuka rabu, ka gayyato shi ya zauna da yaron yini biyu.

Bayan wata uku, in shafukan sun yi yawa har nema ya fara wuya, sai ka gwada Notion da mutum uku tukuna. Kafin ka biya, ka tabbatar katin bankinka yana biyan dala, sannan ka gwada fitar da bayananka daga cikinta zuwa PDF, ka ga ko sun fito daidai.