Tambaya da Amsa: Jakar Kyamarata Ta Yi Ɓatan Dabo a Wurin Biki

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoton biki ne, shekarata huɗu ke nan a wannan sana'a. A watan jiya ina aiki a wata dina, na ajiye jakata a ƙarƙashin teburin da ke kusa da mazaunin ango da amarya, na shiga fili lokacin liƙi, kuma ban fi minti goma ba na dawo na tarar babu ita. A ciki akwai lens (gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara) guda biyu, fitilar kyamara, batura uku da memorin da na ɗauki hotunan kamu da shi, waɗanda ban riga na juye a kwamfuta ba. Na ci bashi na sake sayen kaya, kuma ina da niyyar ɗaukar Hawan Daushe idan Allah ya kai mu Sallah. Yaya zan tsare jakar alhali idona yana kan aiki? Wani aboki ya ce in saka ƙaramar na'urar bibiya a ciki, shin tana da amfani?

Mai ɗaukar hoto, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam, muna jajanta maka, Allah ya mayar maka da mafi alheri. Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne wanda ya ɗauke jakar nan bai yi tuntuɓe da ita ba, ya daɗe yana kallonka. Mai ɗaukar hoto yana rufe ido ɗaya ya manna ɗayan a jikin kyamara, wato a lokacin da ya fi kowa ganin amarya a lokacin ne ya fi kowa makancewa daga abin da ke bayansa, kuma duk wanda ya taɓa zuwa dina ya san cewa da zarar an fara liƙi mai hoto ba zai waiwayo ba. Ajiyar ƙarƙashin tebur kuwa kai kaɗai ta ɓoye wa jakar, domin kai ne ba ka ganinta daga fili, shi kuma mai fako ya ga lokacin da ka sunkuya.

Zan fara da memori, domin a ganina nan ce asarar ta fi ciwo. Lens ana sake sayensa ko da bashi, kamar yadda ka yi, amma ba a sake yin kamu saboda mai hoto ya yi sakaci. Daga yau kada memorin da aka ɗauki aiki da shi ya sake kwana a jaka ko ya zauna a cikinta a wurin taro. Ka samo ƙaramin gidan ajiye memori ka rataya shi a wuya a ƙarƙashin riga, ko ka sa shi a aljihun gaba mai zif, sannan ka lizimci juye hotunan kowace rana a daren ranar, a wuri biyu daban, ko da gajiya ta kai maka ko'ina. Idan kyamararka tana da ramin memori biyu, ka saita ta ta rubuta kowane hoto a duka biyun, ka cire ɗaya ka raba shi da kyamarar da zarar an tashi.

Game da jakar kanta, ƙa'idar da nake bi ita ce ko dai tana jikinka, ko tana ɗaure, ko tana hannun mutum guda da ka ambaci sunansa. Hanya ta farko ta fi sauran, amma ba ta yiwuwa sai ka rage kaya. Da yawa daga cikin masu hoto suna kwaso duk abin da suka mallaka zuwa biki, alhali lens biyu ne za su yi aiki da su har a tashi, sai nauyi ya tilasta musu sauke jakar. Ƙaramar jakar da ake ratayawa a gicciye bisa ƙirji, ko wadda ake ɗaurawa a ƙugu, tana ɗaukar lens ɗaya da batura, kuma a cikin cunkoso kana iya juyo da ita gabanka. Ka kuma duba kamannin jakar, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jakar da aka rubuta Canon ko Nikon da manyan haruffa a jikinta tana shela ne cewa akwai dukiya a ciki, ita kuwa tsohuwar jakar goyo wadda ka shimfiɗa wa soso a ciki ba ta jan idon kowa. Na san wasu suna ganin jaka mai suna tana ƙara musu kwarjini a idon masu biki, amma hotunan da ka miƙa ne za su sa a sake kiranka.

Idan ya zama dole ka sauke ta, kamar lokacin da kake canza lens ko jera mutane don hoton dangi, ka zura ƙafarka a cikin maratayinta. Idan za ka yi nisa, ka ɗaure ta da wayar ƙarfe irin wadda ake kulle keke da ita a jikin ginshiƙi ko ƙarfen taga, ka haɗa kawunan zif biyu ka sa musu ƙaramin kwaɗo. Ƙafar kujerar roba ba abin ɗaurewa ba ce, haka ma sandar fitila, domin ana ɗaga su a zare igiyar cikin daƙiƙa. Akwai jakunkuna, irin na kamfanin Pacsafe, da ake saƙa siririyar wayar ƙarfe a cikin maratayinsu da jikinsu saboda masu yanka da reza. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai gagari mai almakashin ƙarfe da ya samu lokaci da kaɗaici, sai dai ɓarawon taro ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, abin da yake nema shi ne wanda zai sunkuta ya wuce kamar nasa.

Batun mai tsaro yana buƙatar bayani, domin nan mutane suka fi yaudarar kansu. Idan ka ce wa mutanen tebur guda su duba maka jaka, ba ka ba kowa amana ba, kowannensu zai ɗauka na kusa da shi ne ke dubawa, kuma dukansu za su miƙe idan an kira dangin amarya. Ka zo da yaronka, ka biya shi, ka gaya masa cewa aikinsa jakar ce kaɗai, ba riƙe fitila ko karɓo abinci ba. Ka kuma gargaɗe shi kada ya miƙa ta ga duk wanda ya zo ya ce kai ka aiko shi, ko da ya ambaci sunanka, domin sunan mai hoto ba sirri ba ne a wurin biki. Idan ɗakin taron yana da ofis mai kulle, ka nemi izini tun kafin ranar, kuma ka tabbatar da wanda makullin zai kasance a hannunsa.

Hawan Daushe kuwa shawarata ita ce ka bar jakar a gida gaba ɗaya. A Ƙofar Kudu, wato filin da ke gaban fadar Sarkin Kano, idan mahaya suka sako dawakai don jahi, jama'a kan ja da baya a guje su matse juna, kuma a irin wannan turereniya ce 'yan sane suke cin kasuwarsu. Kyamara ɗaya da lens ɗaya mai jawo nesa sun wadatar, batir da memori a aljihun gaba, maratayin kyamarar a gicciye ba a kafaɗa ɗaya ba. Ka riƙa dafe lens ɗin da hannu idan ba ka ɗauka, domin maɓalli ɗaya ake dannawa a murɗa shi ya fita, kuma an sha kwance wa masu yawon buɗe ido lens a wasu ƙasashe kyamarar tana rataye a wuyansu. Canza lens a wannan fili ma ba dabara ba ce saboda ƙura. A duk inda kake aiki kuma, idan lokacin salla ya yi, ka ajiye kayan a gabanka tsakanin ƙafafunka da wurin sujada. A adaidaita sahu ka rungume jaka a cinya ta ɓangaren ciki, a mota kuma ka sa ta a but tun daga gida, ba a wurin ajiye motoci inda ake kallonka ba.

Na'urar bibiya tana da amfani, amma ka san iyakarta. AirTag, wadda kamfanin Apple ya fitar a 2021, ba ta da GPS a cikinta, tana dogara ne da wayoyin iPhone da sauran na'urorin kamfanin da suka gifta kusa da ita su sanar da inda take, don haka a unguwar da irin waɗannan wayoyi suka yi ƙaranci labarinta zai riƙa zuwa jefi-jefi. An kuma ƙera ta yadda za ta yi ƙara ko ta aika gargaɗi ga wayar wanda take biye da shi, domin hana a bibiyi mutane a ɓoye, wato ɓarawon ma yana iya gano ta. Ka ɗinke ta a cikin shafin jakar, ka canza batirinta kusan duk shekara, kuma idan ta nuna maka gida kada ka je kai kaɗai, ka tafi da 'yan sanda.

Kayan da suka riga suka tafi ma kada ka fid da rai tukuna. Kowane lens yana da lambarsa ta musamman a jikinsa, kuma galibi tana kan kwalinsa da takardar garanti. Kyamarori da dama suna rubuta lambar jikinsu, wasu har da ta lens, a cikin bayanan da ke ɓoye a kowane hoto, saboda haka ka buɗe tsofaffin hotunanka na asali a kwamfuta ka duba, ba waɗanda suka bi ta Facebook ba, domin can ana goge bayanan. Ka kai lambobin ofishin 'yan sanda ka karɓi shaidar rahoto, ka rarraba su ga masu sayar da kyamarori na hannu, masu gyara da zaurukan masu hoto na WhatsApp. Ka nemi mai bidiyon dinar ya ba ka ɗanyen abin da ya ɗauka lokacin liƙi, domin sau da yawa kyamararsa tana kama bayan fili, ka kuma tambayi ɗakin taron ko na'urar tsaronsu ba ta riga ta shafe hoton ranar ba. Dangin amarya kuwa ka je da kanka ka gaya musu gaskiya game da hotunan kamu, ka rage musu kuɗi, ka roƙi ƙawayenta su turo maka abin da suka ɗauka da wayoyinsu ka gyara ka haɗa musu a cikin albam.